Tseren akwalar mota da idon kyamara: ina ya kamata a sa iyaka?

Akwai wata gasar tseren motoci a ƙasar Amurka wadda dokarta ta farko ita ce kada kuɗin motar da za a shiga da ita ya wuce dala 500, a haɗe da kuɗin saye da na gyara. Sunanta 24 Hours of Lemons. Wani ɗan jarida mai rubutu a kan motoci, Jay Lamm, shi ya ƙirƙiro ta, aka yi ta farko a shekarar 2006 a filin tsere na Altamont da ke jihar Kalifoniya. Sunan ma shaguɓe ne ga babbar gasar Le Mans ta Faransa, wadda ake yi tun 1923, inda manyan kamfanoni suke zuba dukiya mai ɗimbin yawa. A bakin Amurkawa, lemo shi ne motar da mutum ya saya ta zame masa ƙarfen ƙafa, wato abin da mu muke kira akwala.

Hotunan wannan gasa da ire-irenta suna yawo a wayoyin samarinmu, kuma iyaye da ɗalibai suna tambaya ko wannan wasa ne da shari'a ta yarda da shi. Tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta da kalma guda, domin abin da ake kira wasan mota iri-iri ne, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mun zaɓi mu dubi wannan gasa ta masu ƙaramin ƙarfi ne saboda wani tsari da ke cikinta, wanda muke ganin ya fi duk sauran abin da ke cikinta daraja.

Dala 500 ɗin nan ba ta shafi kayan tsaron rai ba. Birki da tayoyi, da kejin ƙarfe da ake waldawa a cikin motar don kada rufinta ya danne direba idan ta wuntsila, da kujera ta musamman mai bel mai ɗauri biyar ko shida, da na'urar kashe gobara, da hular kwano, da tufafin da wuta ba ta saurin ci, duk waɗannan an cire su daga lissafi. Ko nawa mutum ya ga dama ya kashe a kansu, kuma wajibi ne ya tanade su. Kafin mota ta taka filin sai an duba ta sau biyu. Duba na farko na lafiyarta ne, wanda ba a sassauta wa kowa a cikinsa; waldar keji guda idan ba ta yi ba, motar ba za ta shiga ba. Duba na biyu na alƙalai ne masu neman wanda ya ɓoye inji mai tsada a cikin tsohon gangar jiki. Wanda suka zarga da wuce iyaka sai su zaftare masa zagaye ɗaya a kan kowace dala 10 da suke ganin ya ƙara, har ya zama ya fara tseren da bashin zagaye a wuyansa. Masu shirya gasar sun kuma riƙe wa kansu haƙƙin saye kowace mota a kan dala 500 bayan an tashi. A ƙasar Finlan da Suwidin akwai makamancin wannan, har ya fi tsanani: bayan tsere, duk mai so yana iya neman sayen motarka a kan ƙayyadadden farashi, idan masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a, idan ka ƙi sayarwa ka rasa lasisinka na gasa. Wa zai zuba dukiyarsa a motar da ya san wani zai iya tafiya da ita da yamma a kan kuɗi kaɗan?

Wato an ɗaure hannun mai kuɗi a wajen gudu, an sake shi a wajen kare rai. Don haka arhar motar ba ta nufin arhar gasar. Idan aka haɗa keji da tufafi da kuɗin shiga da mai da tayoyi, ƙungiya guda tana kashe dubban daloli, abokai suna haɗa kuɗi suna kuma karɓa-karɓar tuƙi. Yawancin tseren ba ya cika awa 24 kamar yadda sunan ya nuna. Kimanin awa 14 ake yi a cikin yini biyu, wanda ya fi yawan zagaye shi ne ya ci. A irin wannan doguwar tafiya da tsohuwar mota, mai zafin kai ba ya kai labari. Wanda ya iya lallashin inji, ya san lokacin da lagireto ya fara zafi, ya iya kwanciya a ƙarƙashin mota da dare ya sauya kuloci da fitilar hannu, shi ne ake gani a fili washegari.

Sai mai karatu ya riƙe wannan hoton a zuciyarsa, ya juyo ya dubi abin da ake kira wasan mota a garuruwanmu, a ranar ɗaukar amarya, ko bayan hawan Sallah, ko ranar kammala makaranta, ko a kan faffaɗan titunan Abuja a ƙarshen mako. Komai a juye yake. Motar mai tsada ce, sau da yawa ta mahaifi ce ko ta aro. Abin tsaron rai kuwa ko na sisin kwabo babu: ba hula, ba bel, wasu ma a kan taga suke zaune rabin jikinsu a waje. Filin wasan hanyar jama'a ce, shingen da ke tsakanin mota da 'yan kallo kuwa su 'yan kallon ne da kansu, cikinsu har da almajirai da yara masu talla. Can an ƙayyade abin da ake alfahari da shi, an buɗe ƙofar abin da ke kare rai. Nan an buɗe ƙofar alfahari, an rufe ɗayar.

Wani zai ce duka biyun lagawu ne, bai kamata malami ya ɓata tawada a kansu ba. Ba mu tare da wannan ra'ayi. Tsere yana da asali a sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawakai a Madina, ya kuma raba su aji biyu: waɗanda aka horar aka rage musu ƙiba sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. A lura da abin da ke cikin wannan ruwaya: wurin tashi sananne, wurin tsayawa sananne, kowace dabba da tazarar da za ta iya, ga kuma shugaba da ke tsaye a kan lamarin. Akwai kuma labarin taguwarsa Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan matashin raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai nauyi, shi kuwa Annabi (SAW) bai nuna ɓacin rai ba, ya mayar da abin darasi a kan cewa abin duniya ba ya dawwama a sama. Wanda ya san wannan labari ba zai raina gasar da talaka ke iya shiga da abin hawan da ya mallaka ba.

Amma mota ba doki ba ce, kuma a nan ne ɗalibi ya kamata ya natsu. Hadisin Abu Huraira da ke cikin littattafan Sunan ya taƙaita sanya lada a gasa a kan abu uku: harbi, da raƙuma, da dawakai. Malamanmu na Malikiyya sun tsaya a kan wannan. Mai Risala ya kawo mas'alar, Shehu Halil ma ya yi mata babi a Muhtasar, inda ya halatta tsere a wasu abubuwan da ba waɗannan ba matuƙar kyauta ake yi, ba a sa kuɗi ba. Ibnul Ƙayyim a littafinsa Alfurusiyya ya faɗaɗa bahasin ƙwarai. A zamaninmu Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Doha a shekarar 2003, ta halatta gasa mai lada da sharuɗɗa, daga cikinsu manufarta da hanyarta su zama halal, kuma kada ladan ya fito daga aljihun dukkan masu gasar. Idan kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, sauran suka tafi hannu rabbana, an shiga caca ko da me aka kira ta. Saboda haka kuɗin shiga da ake biya don hayar fili da motar asibiti da ma'aikata abu ne daban, kuɗin da ake tarawa don a bai wa wanda ya ci kuma abu ne daban, kuma wajibi ne mai shirya gasa ya raba asusun biyu. Ladan ya fito daga hukuma ko kamfani ko wani mai kyauta da ba ya cikin tseren. Caca ta 'yan kallo, wadda wannan ke cewa motar wane ce za ta ci, wancan ya ce a'a, su ajiye kuɗi, ita ba ta buƙatar dogon bayani.

Abin sha'awa, masu gasar ta Amurka sun rage wa ladan daraja da gangan. An san su da biyan wanda ya ci da tsabar sulalla na santi 5. Dala 500 a irin wannan tsaba sulalla 10,000 ne, nauyin kilo 50, sai dai a ɗauka a buhu. Kyautar da suka fi girmamawa ma ba ta wanda ya zo na ɗaya ba ce, ta ƙungiyar da ta yi abin kirki da motar da kowa ya yanke wa ƙauna ce. Ba don shari'a suka yi haka ba, amma sun gane da kansu cewa da zarar kuɗi ya zama manufa, ha'inci da gaba suna biyo baya.

Saura batun rai, wanda shi ne mafi girma. Keji da hula ba su kore mutuwa, kuma babu mai tseren mota da zai ce ba haɗari a cikinsa. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka saba sawa a wasanni masu haɗari shi ne rinjayen zato: idan mai yin ya ƙware kuma galibi ana tsira, akwai sauƙi a hukunci, idan galibi ana jin rauni ko ana halaka, ya haramta, domin rai amana ne. Turawa ma ba da hikima suka fara ba, da gawawwaki suka koya. Ranar 11 ga Yunin 1955, a gasar Le Mans, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse a cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. Ƙasar Suwizalan ta haramta tseren zagaye na motoci bayan wannan, haramcin ya shafe shekaru sama da 60. Shingaye da tazarar da ake gani yau tsakanin fili da 'yan kallo, daga irin waɗannan ranaku suka samo asali.

Mai tsere a rufaffen fili ya yarda da haɗarin a kan kansa, ya kuma ɗauki matakan rage shi. Mai wasa a kan titi ya ɗora haɗarin a kan wanda ba a shawarce shi ba. Wannan bambanci shi ne yake sauya hukunci. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka. Saurayin da ya take yaro yana juya mota a bakin kasuwa, diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere suna jiransa a mafi sauƙin hukunci, ko da iyayen yaron sun ce sun bar wa Allah. Yafewarsu tana sauke diyya, ba ta sauke kaffara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Saudiyya, wadda ta daɗe tana fama da wannan wasa da suke kira tafhiɗ, ta ɗaga tararsa a 2016 zuwa riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku.

Yanzu sai kyamara, wadda a ganinmu ita ce rabin matsalar, kuma ita ce ba a cika yin magana a kanta ba. Ba za mu sake buɗe saɓanin malamai a kan hoton kyamara a nan ba. Sananne ne, kuma da yawa daga malaman zamani sun sauƙaƙa a kansa idan abin da aka ɗauka halal ne. Tambayarmu ita ce me ake ɗauka, daga ina, kuma don wa.

A filin tsere na ƙa'ida, ɗaukar hoto sana'a ce mai ladubba. Mai hoto yana neman izini, a ba shi riga mai sheƙi don ma'aikata su gane shi, a nuna masa inda zai tsaya a bayan shinge. An hana shi tsayawa a bayan kwana ta waje, domin nan ne motar da ta ƙwace take nufa. Ba ya juya wa fili baya, ba ya tsallaka shi sai an ba shi umarni. Ƙwarewarsa kuma ba ta dogara da kusantar haɗari ba. Hoton da ake yabo, wanda mota ke fitowa tar alhali bayanta ya shafe kamar ana jan zare, ana samun sa ne ta rage saurin ƙiftawar kyamara zuwa kamar kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, mai hoto ya bi motar da kyamararsa daidai da gudunta, ƙafafunsa a kafe, ƙugunsa yana juyawa. Sai ya ɗauki ɗaruruwa kafin ya sami 'yan ƙalilan masu kyau. Aiki ne na haƙuri, daga nesa ake yin sa da dogon madubi. Kuma a gasar masu ƙaramin ƙarfi, sau da yawa mai hoton shi ma direba ne da ya sauka daga mota ya miƙa wa abokinsa sitiyari. Shi ya sa hotunansu suka cika da abin da ke bayan fage: hannuwa baƙi ƙirin da bakin mai, inji a ƙasa an kewaye shi, abokin hamayya ya kawo aron sifana. Wanda ya sha wahalar abu ya san inda darajarsa take.

A kan titi kuwa kyamarar ce ke tuƙa motar. Yaron da ke juya mota har tayoyi su yi hayaƙi ba don kansa yake yi ba, don wayoyin da aka ɗaga masa ne, da abin da zai biyo baya a TikTok da Instagram. Masu ɗauka suna matsowa don hoton ya yi kyau, shi kuma yana ƙara kusantar su don kada a ce ya ji tsoro. Hoton da ya fi yaɗuwa shi ne wanda aka tsallake rijiya da baya, saboda haka wanda zai yi gobe dole ya zarce na yau. A cire wayoyin nan, rabin wasan ya mutu. Don haka muke cewa mai ɗauka da mai turawa da mai yabo a ƙarƙashin hoton ba 'yan kallo ba ne kawai. Suna da kaso a cikin abin da suka ƙarfafa, kuma hanin taimakekeniya a kan saɓo ya hau kansu.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan abin ya ɓaci. Mutum yana kwance cikin jini, tufafinsa sun yage, al'aurarsa a waje, hannuwan da ya kamata su ɗauke shi suna riƙe da waya. Uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata da labari cikin ladabi. Alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa don ya ji rauni ko ya mutu, kuma suturta shi haƙƙinsa ne. Jamus ta mayar da ɗaukar hoton mamatan haɗari laifi tun farkon 2021, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Abin kunya ne a ce sai mun jira doka kafin mu bar abin da addininmu ya riga ya hana.

Kada a fahimci cewa muna wanke gasar Amurkawa gaba ɗaya. A cikinta akwai shigar banza da ake yi don ban dariya, akwai barasa a sansanin dare, akwai al'adar kai wa alƙalai toshiya da sunan raha, wadda ko da wasa ce ba ma son yaranmu su saba da ita. A shekarunta na farko har zaɓen mota guda ake yi a murƙushe ta a gaban jama'a, wanda tozarta dukiya ne ƙarara, ko da yake sun daina. Musulmin da ke zaune a can ya shiga irin wannan gasa, sallarsa a kan lokaci da kuɗin cefanen gidansa suna gaba da tayoyi. Wanda ake bin sa bashi, ko iyalinsa ke cikin ƙunci, dubban dalolin nan almubazzaranci ne a gare shi ko da sun zama halal ga waninsa.

Abin da muke ɗauka daga gare su shi ne tsarin. Shekara da shekaru ana wa'azi a kan wasan mota, ana kamawa, ana sakewa, bai daina ba, domin son gudu da son a gani suna cikin jinin saurayi, kuma ƙasar da ta gaji sukuwa da kilisa ba za a ce mata wannan baƙon abu ne ba. Hani kaɗai yana kora shi ne daga wannan titi zuwa wancan. Ra'ayinmu shi ne hukuma ta tsananta a kan titi ba sani ba sabo, har da ƙwace motar ko ta ɗan wane ce, sa'annan ta buɗe wata ƙofa: fili a bayan gari mai shinge da tazara, motar asibiti a tsaye, lokacin da bai ci karo da salla ba, ba mai shiga sai da lasisin tuƙi da hula da keji, da iyakar kuɗin mota da zai sa ɗan bakanike ya iya karawa da ɗan attajiri. Masu walda da kanikawan da ke tayar da motocin da Turai ta yar suna nan a kowane gareji, kuma irin wannan fili zai ba ƙwarewarsu wurin bayyana, ya koya wa yaro birki kafin totur. Masu hoto su ma a yi musu rajista, a nuna musu wurin tsayawa, a kuma sharɗanta musu cewa idan haɗari ya auku za a sauke kyamara har sai an ɗauke wanda ya ji rauni.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun kowane magidanci a daren yau. Makullin motar da ake wasa da ita daga wani gida ya fito, kuma mai gidan yakan ga tayoyin baya sun cinye cikin 'yan makonni, ya biya kuɗin sababbi bai tambayi dalili ba. Ya tambaya.